Ɗanyen Waken Soya da 'Yar Farina

Ranar Asabar ta biyu ta watan Oktoba, shekarar 2012, da ƙarfe biyar na yamma, mu uku ne a ɗakin girki na wani ƙaramin gida a birnin Lyon na ƙasar Faransa: ni, da 'yar farina, da mijinta. Tana ɗauke da cikin fari, wata uku, kuma cikin ya raba ta da abinci. Duk abin da ta haɗiye sai ya dawo. Likita ya riga ya faɗa musu cewa idan ta koma awo bayan mako biyu nauyinta bai daina raguwa ba, zai kwantar da ita a yi mata ƙarin ruwa.

A gidan da na tashi, a Maraɗi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Shekarun da na yi a Paris ba su kankare mini wannan ba. Saboda haka da surukina ya kira ya ba mu labari, sai na ce wa Malam, maigidana, zan je Lyon in duba ko labulen da na ɗinka musu ya yi daidai da taga.

Na same ta zaune a kujera, wuyanta ya yi tsawo, zobenta yana yawo a yatsa.

"Inna," ta ce, "ƙwaruru nake so. Sabon tono, dafaffe da gishiri, irin wanda Kaka take saya mana idan muka je hutu."

Ƙwaruru, wanda wasu ke kira gurjiya, na san inda ake samunsa a unguwar Goutte d'Or ta Paris, amma busasshe, mai tauri kamar tsakuwa. Sabon tono kuwa sai a gida, a lokacin kaka. Mijinta ne ya buɗe firigo ya ciro wata leda mai ƙanƙara, ya miƙo mini da hannu biyu, kansa a sunkuye.

"Mama, wannan na samo wajen 'yan Asiya a unguwar Guillotière. Edamame suke ce masa. Waken soya ne, wanda ake awara da shi, sai dai an cire shi tun yana ɗanye. Na ce ko zai yi kusa."

Na juya ledar. Wake ne kore shar a cikin kwansonsa, kowane kwanso da ɗan gashi-gashi a jikinsa.

"An rubuta minti biyar a tafasasshen ruwa," in ji shi, a hankali.

"Na iya karatu," na ce.

Na karanta ɗin kuwa, amma ban yarda ba. A makarantar mishan inda na yi karatu, malamar girki takan bi tukwanenmu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki ƙwayar wake ta murza tsakanin yatsu biyu. Idan bai murje ba, tukunyar ta koma wuta, mai tukunyar kuma ta rasa hutun rana. Ta koya mana cewa wake mai sauran ɗanye ciwon ciki ne, kuma da wannan na ciyar da gida tsawon aurena ba tare da kowa ya yi kuka da ciki ba. Ba zan ba mai juna biyu waken da ya leƙa ruwa ya fito ba. Na dafa shi yadda ake dafa ƙwaruru: ruwa mai yawa, gishiri, 'yar kanwa, murfi a rufe, awa guda cur.

Da na buɗe tukunyar, koren ya tafi. Kwanson ya yi launin tsohon buhu, ƙwayoyin sun narke, wani wari kuma ya cika gidan. Yarinyar ta toshe baki ta ruga bayi. Mijinta ya zauna ya cinye kwanon kaf, yana cewa ya yi daɗi. Na san ladabi ne, kuma na ƙara ganin girmansa tun daga ranar.

Washegari na koma Paris. Ranar Litinin na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga unguwar Barbès zuwa Belleville, na sayi leda shida a wani kanti na 'yan Asiya. Malamar girkin nan ta koya mana wani abu kuma, wanda ya fi na farkon muhimmanci: abin da ba ka tabbatar ba, ka gwada shi da hannunka. Na ɗora tukwane uku, kowacce da nata lokacin, na kira Malam daga falo.

"Hajiya, yau jarrabawa ake yi?"

"Zauna ka ɗanɗana."

Ya ɗauki na tukunyar farko, mai minti biyar, ya jefa baki da kwanson gaba ɗaya. Ya tauna, ya tauna, ya dube ni.

"Wannan kam igiya ce."

"Ba a cin kwanso, Malam. Ka taɓa cin ƙwaruru da ɓawonsa?"

"To ai ba a yi mini darasi ba aka ba ni jarrabawa."

Na nuna masa yadda ake matsa kwanson da yatsu, ƙwayar ta faɗo baki. Ya ci na farko, ya ci na biyu, ya ture na uku, ya koma kan na farko bai ɗago ba sai da kwanon ya ƙare. Ni ma na ɗanɗana. Ƙwayar tana da ɗan ƙarfi a haƙori, da zaƙi-zaƙi, ba ta da wari ko kaɗan. Duk da haka na jira har washegari in ga ko cikinsa zai ɓaci. Ya tashi lafiya lau, yana tambaya ko akwai wata jarrabawar. A nan na gane cewa dokar malamata ta busasshen wake ce, kuma a kansa tana da gaskiya har gobe.

Saura matsala guda. Daɗin ƙwaruru yana cikin gishirin da ya ratsa shi yayin doguwar dahuwa, wannan kuwa ba ya daɗewa a ruwa balle gishiri ya shige shi. Na ƙara gishiri a ruwan, ya tsaya a bayan kwanso. A leda ta huɗu na ɗauko almakashin ɗinki, na wanke shi, na datse bakin kowane kwanso ta gefe biyu, kaɗan, yadda ruwa zai shiga amma ƙwaya ba za ta fita ba. Na murza su da gishiri mai tsakuwa, na bari ruwan ya tafasa sosai kafin in zuba, ban rufe tukunyar ba. Na tsame, na baza a faranti su sha iska. Koren ya tsaya, gishirin ya kai ciki.

Malam yana kallona ina datsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba kin ce labule kika je dubawa ba?"

"Ya yi tsawo. Zan koma in rage shi."

"To, Allah ya ba labule lafiya."

Ranar Alhamis na sake shiga jirgin ƙasa, da almakashina da gishirina a jaka. Na aiki surukina ya sayo sabuwar leda, na buɗe tagar ɗakin girki, na rufe ƙofar don kada tururi ya kai falo. Da ya huce, na zuba kaɗan a ƙaramin kwano, domin kwano cike yana tsorata marar lafiya. Na ajiye shi kusa da ita tare da wani kwanon na zuba kwanso.

"Ke, ga wannan. In ba ki so, mijinki zai ci."

Sai na juya mata baya, na durƙusa gaban taga, na fara naɗe bakin labulen ina soka allura. Labulen ba shi da laifin komai, ni na auna shi da kaina. An daɗe ban ji motsi ba. Can sai na ji kwanso ya faɗa kwano. Na ci gaba da naɗi. Na ji na biyu, na ji na uku, daga nan na daina sauraro na kama addu'a a zuci.

"Inna."

"Na'am."

"Wannan ba ƙwaruru ba ne."

"Ban ce shi ne ba."

Ta yi 'yar dariya, wadda rabona da jinta tun kafin cikin.

"Akwai saura?"

Na tashi na ƙaro mata. Abin ya zauna a cikinta ranar, ya zauna washegari, a rana ta uku kuma ta nemi kunu a kai. Kafin in tafi na koya wa mijinta yadda ake datsa kwanson, na sa ya yi a gabana har sai da ya daina yanke ƙwaya, na bar masa almakashin.

Da ta koma awo, nauyinta ya daina raguwa, likita bai kwantar da ita ba. A watan Afrilu ta haifi 'ya mace, lafiya lau.