Atamfar 'yata a faretin 'yan Norway

Shekarun baya, ina aikin kula da tsofaffi, aka haɗa ni da wata tsohuwa 'yar asalin Norway a unguwar Bay Ridge, nan ƙasar waje da muke zaune. A lokacin babu abin da ke ci mini rai kamar 'yata. Tun da yaran ajinsu suka yi mata dariyar ɗankwali, ta daina sa kayanmu kwata-kwata. Atamfar sallar da na ɗinko mata a unguwar Harlem tana akwati, ko gwadawa ba ta yi ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza.

Wata Asabar na rasa inda zan bar ta, na tafi da ita aiki. Muka tarar tsohuwar ta baje kaya a gado: baƙar riga mai ɗinkin furanni da adon azurfa, har da wata ƙarama ta jikarta. Ta ce bikin ranar ƙasarsu na watan Mayu ya kusa, kuma a can ba sojoji ake fitarwa ba, 'yan makaranta ne ke fareti da tutoci. A nan unguwar ma haka suke yi duk shekara.

'Yata ta ƙwallafa rai a kan ƙaramar rigar, ta ce a ara mata. Ni kuwa, uwar son banza, har na fara auna ta da ido.

Tsohuwar ta girgiza kai. "A gidanmu ba a sa ta garin wani. Kowane yanki da ɗinkinsa, da an gan ki an san inda kakarki ta fito. Ke me ake sawa a garin mamanki?"

Har muka koma gida Bronx ina ta jin haushin rowar tsohuwa.

Safiyar faretin sai ga 'yata da atamfar a hannu, wai ita za ta sa. Muka tsaya bakin titi ina riƙe da keken da ake tura tsohuwar a kai, yara na wucewa suna ihu. Wata mata cikin koriyar rigar yankinsu ta tsaya, ta tambayi 'yata wannan ɗinkin na ina ne.

"Kano," ta ce, kai a sama. Sannan ta juyo da Hausarta mai tsami: "Umma, gyara min ɗaurin."

Sai da na share ido kafin na iya.

Tsohuwar ta rasu tuntuni, ban kuma taɓa yi mata godiya yadda ya kamata ba. Amma duk watan Mayu tana faɗo mini a rai, musamman yanzu da 'yata ke tare ni a ƙofa, wai ɗaurina ya karkace.