Takalmin Hagu na Babanmu

Babanmu ba ya tuƙa mota da takalmi a ƙafar hagu. Da zarar ya zauna ya ja ƙofa, tun kafin ya yi bisimilla ya murza makulli, sai ya sa ƙafar dama ya tuɓe na hagun, ya tura shi ƙarƙashin kujera. Cewa yake kuloci, wato abin da ake takawa kafin a canza giya, a hankali yake magana, fatar takalmi kuwa kurma ce. Rabin rayuwarsa ya yi yana direban ma'aikata. Da ya ajiye aiki ya sayi tasa, wata farar tsohuwa mai giyar hannu, wadda rana da shekaru suka mayar kalar koko.

Ni ce mai sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake kirana, kuma ni kaɗai ke da izinin zama gaba. Duk Juma'a bayan la'asar mukan fita daga gidanmu da ke bayan hasumiyar Gobarau, ba don za mu je wurin kowa ba. Mu bi ta Ƙofar 'Yandaka, mu gangara har Ƙofar Guga, mu zagayo. Ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa a lokacin. Yakan ɗauki hannuna na hagu ya ɗora a kan giya, ya rufe shi da nasa. Lambobin da ke kanta sun daɗe da gogewa, ta yi sumul kamar kan muciya.

"Saurara, Uwata," zai ce. "Kin ji ta hwara ƙorahi? Ta biyu take nema."

Sai ya taka, hannunsa ya ja nawa. A tsakanin wannan giya da waccan akwai wani ɗan shiru, bai kai numfashi guda ba. Injin ya saki tayoyi, mota ta ci gaba da tafiya ba mai tura ta ba mai jan ta. Inuwar itatuwan bedi na zubowa ta gilashi tana wucewa a kan cinyata, masu keke da masu tallar gyaɗa duk su zama kamar a cikin ruwa suke tafiya. A wannan shirun nakan ji kamar mun ɗaga daga ƙasa. Har yau in na yi mafarkin ina tashi sama, ba fukafukai nake gani ba, ƙamshin tsohuwar kujera nake ji, da nauyin hannun Baba.

Da na girma na yi aure na kama aikin koyarwa, sai na koyi mota irin ta kowa, otomatik, wadda ke canza wa kanta giya. Ba zan yi ƙarya ba, ina son abata. Cikin cunkoson 'yan acaɓa da zafin rana, wa ke da ƙafar ɓatawa? Baba dai bai taɓa yafe mini ba. In na zo gaishe shi sai ya leƙa ta taga ya girgiza kai.

"Wannan tuƙi kike, ko zaman ɗaki? Ai ke hwasinja ce, an dai ba ki sitiyari ki riƙe don kar ki yi barci."

A gindin bedin ƙofar gidanmu yake zama da abokansa, tsofaffin direbobi duka, kuma zancensu ɗaya ne ba ya tsufa. Wani ya ce mai giyar hannu in batir ya mutu, a ɗan tura ta ka saki kuloci ta tashi, otomatik kuwa sai an zo an ɗauke ta kamar amarya. Wani ya ce a gangara giya ce birkin mai hankali. Baba shi nasa daban ne. Ya ce motar da ba ta shawara da kai, ba ka san ranar da take fushi ba.

Yayana, wanda ke aiki a wani gari, ya taɓa ƙoƙarin yi masa gata. Ya zo da otomatik mai sheƙi ya ce Baba ya huta da wahalar gwiwa. Baba ya shiga don kar ya ba shi kunya, ya tuɓe takalmin hagu kamar kullum, ni ina baya. Lafiya lau muka tafi har kusa da Ƙofar 'Yandaka. Nan injin ya ɗaga murya, ƙafar Baba ta tashi da kanta neman kuloci, ta tarar da birki, ta danna shi har ƙasa. Hular Yaya ta yi gaba, goshinsa ya bi ta. Ni na tsinci kaina rungume da kujerar gaba. Wani ɗan acaɓa da ke bayanmu ya zazzaga mana abin da ba zan rubuta ba. Baba ya buɗe ƙofa, ya lalubo takalminsa, ya ce, "Allah shi yi albarka. Kai motarka gida." Da ƙafa ya koma.

Bayan wasu shekaru idanunsa suka fara tafiya. Likitoci suka ce hawan jinin ido ne. Duhun ta gefe ya faro, yana matsowa a hankali. Ranar da ya kusa buge wani mai kurar ruwa da bai gani ba sam, ba wanda ya ce masa komai, shi da kansa ya rataye makulli a ƙusa. Da farko kowace safiya yakan lalubi bango ya je rumfar da motar take, ya tashe ta, ya taka kuloci ya zagaya giyoyin ɗaya bayan ɗaya tana tsaye, sannan ya kashe. Daga baya ya daina. Ya daina fita gindin bedi ma. In na zo sai in same shi a zaure ya juya wa ƙofa baya, rediyo na ta surutu ba ya ji.

Yaya ne ya kawo maganar sayar da motar, a waya, ina zaune kusa da Baba. Akwai wani bakanike da ya daɗe yana so. Na ɗauka Baba zai yi faɗa, sai ya ce, "Mota ba ta son zama. In babu mai tuƙa ta gidan nan, a ba mai so. Shi zo ran Asabar ta sama." Muryarsa lafiya lau, amma na ga yadda yake murza babban yatsansa a tafin hannu. Na san in motar nan ta fita daga rumfa da baƙo a ciki, Baba ba zai sake leƙa waje ba. Tsoro ya kama ni.

"Ni zan tuƙa ta," na ce.

Yaya ya yi dariya a waya har da tari. Baba bai yi ba. Ya ce, "To, Uwata. Ga hili ga mai doki."

Kullum in na taso daga makaranta sai in wuce gidan Baba, in kama hannunsa in zaunar da shi a kujerar da na girma a kanta. Akwai ɗan fili a gaban gidanmu, nan muke yi. Abin ya ƙi. Na saki kuloci da sauri, ta yi tsalle ta mutu. Na saki a hankali, ta yi ta ihu ba ta motsa ba. Abokan Baba suna gindin bedi suna yi kamar ba sa kallo, amma duk mutuwar da ta yi sai in ji wani ya ce, "Ashsha." Ni da nake tsawata wa ɗalibai kullum, ga ni ina zufa ina ba mota haƙuri. Rana ta huɗu na kifa kai a sitiyari na ce ba zan iya ba, ƙafata ba ta jin komai.

Baba ya ce, "Uwata, mi ke ƙahwarki?"

"Takalmi mana, Baba. Na makaranta."

"Mai tudun nan da nake jin ƙwas-ƙwas ɗinshi a zaure?"

"Shi."

"Subhanallahi. Kwana huɗu ina koya ma takalmi mota!"

Shi bai iya gani ba, ni kuma duk shekarun nan na ɗauka tuɓe takalmin nan wata ɗabi'a ce kawai ta Baba, kamar yadda yake shan shayi ba sukari. Na tuɓe na tura ƙarƙashin kujera. Da na ɗora tafin ƙafata a kan kuloci sai na ji robar ta lotsa a gefe guda, daidai inda ƙafarsa ta cinye ta. Na taka, na fara sakinta kaɗan-kaɗan. A wani wuri, kusan tsakiya, wata 'yar karkarwa ta taso ta shiga tafin ƙafata, kamar ka dafa wuyan akuya tana tuƙa. "Nan ne," in ji Baba, tun ban ce komai ba. "Tsaya nan ku gaisa. Yanzu ba ta wuta kaɗan." Motar ta tafi sululu. Daga gindin bedi wani ya yi kabbara.

Tashi dai na iya, amma canza giya ya gagare ni. In na kai hannu sai idona ya bi shi, sitiyari ya karkace, giyar ta yi wata ƙara mai sa haƙora tsami. Har daren Alhamis haka muke, ga Asabar ta matso. Ranar Juma'a da na zo, na same shi ya sa farar riga da hula, ya shafa turare.

"Yau zagaye za mu," ya ce. "Ke ƙahwa da ido, ni hannu da kunne."

An yi ruwa da azahar, gari ya yi sanyi, ƙasa na ƙamshi. Muka fita bayan la'asar. Hannunsa na hagu na kan giya. In lokaci ya yi ya ce, "Taka," in taka, ya zura, in saki. Kafin mu kai Ƙofar 'Yandaka ya daina faɗa, don ni ma na fara jin ƙorafin da yake ji. Ƙafata na sauka, hannunsa na tafiya, ba mu haɗa baki ba. Ɗan shirun nan ya dawo, wanda na rabu da shi tun ina yarinya. Ruwan da ya kwanta a gefen titi ya ɗauko sararin sama ya shimfiɗa mana. Ganyen bedi na ɗigo a kan gilashi.

Baba ya sauke nasa gilashin, yana ba ni labarin hanya kamar ni ce ba na gani. "Ga masu tuyar awara nan, har yanzu suna nan ashe. Rage, akwai tudun kwalta gaba." Akwai kuwa. "Nan da wani kanti na mai gyaran agogo." Na ce yanzu masu sayar da waya ne. Ya ce to, su ma lokaci suke ci. Ya yi dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin ya rataye makulli. Na ji daɗi har idona ya cika, sai da na ƙifta don in ga titi.

Muka juyo daga Ƙofar Guga rana ta yi ja. Titi ya buɗe, injin ya fara neman ta uku. Na taka kuloci na jira. Ba abin da ya faru. Motar na tafiya a cikin shirun nan, tana rage gudu. Na saci kallo, sai na ga ya janye hannunsa ya ajiye a cinya.

"Baba, giya."

"Mi kike jira?"

"Kai nake jira."

"Ni gobe ma ina nan? Sa abarki, Uwata."

Wani mai mota ya danna mana hon a baya. Ban kalli hannuna ba. Na ɗora shi a kan giyar, da sauran ɗumin tafinsa a jiki, na tura yadda aka sha tura nawa hannun. Ta shige ba ƙara. Baba ya karkata kai yana saurare, kamar mai jiran a kira sunansa. Sannan ya ce, "Ba ta yi kuka ba." Muka ci gaba har muka ga hasumiyar Gobarau.

Da muka tsaya a rumfa na kashe mota, na zare makulli na sa masa a hannu. Ya juya shi sau biyu, ya laluba ya kamo hannuna ya mayar mini, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce in buga wa Yaya waya ya ba bakanike haƙuri.

Na zagayo na buɗe masa ƙofa don in kama shi ya fito. A nan na ga ƙafarsa ta hagu ba takalmi. Tun da ya shiga mota ya tuɓe, ban lura ba, kuma a shimfiɗar ƙasan motar, a gefen da babu kuloci babu komai, ga sawun yatsunsa nan a cikin 'yar ƙasar da ta taru, wuri guda, inda ya yi ta takawa tare da ni. Yana ta lalube da ƙafa yana neman takalmin bai samu ba. Na durƙusa na jawo shi daga ƙarƙashin kujera, na sa masa.