Ƙyallen Rigar Kirsimeti

A shekarun da aka mai da Jalingo babban birnin jiha, ina ɗinki a zauren gidanmu a unguwar Sarkin Dawaki. Gari ya cika da ma'aikata da matansu, aiki ba ya yankewa. Duk abin da almakashi ya zubar ina tara shi a wani buhun shinkafa bayan ƙofa, kamar yadda na ga mahaifiyata tana yi. In buhun ya cika sai in cusa matashin kai, ko in haɗa wa yara abin rufa.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da wata mata 'yar ƙabilar Mumuye, Kirista, mai sayar da doya a kasuwa. Ta girme ni sosai. Ina ce mata Mama, ita kuwa Amarya take ce mini, har bayan na yi haihuwa biyu. 'Ya'yanta maza suna ƙauye wajen noma, 'yar autarta ce kaɗai a gabanta, yarinya 'yar shekara tara mai wushirya. Ni nake ɗinka wa yarinyar kaya tun tana ƙarama. In ta taso daga makaranta, zaurena take fara shigowa, ta durƙusa gaban buhun tana tono, tana neman abin da za ta yi wa 'yartsanarta zane.

"Anti, wannan kina so?" Haka take tambaya a kan kowane ƙyalle, ko da bai kai tafin hannu ba.

A bazarar da sanƙarau ya shigo gari, ranar Laraba yarinyar ta ce wuyanta yana ciwo. Ranar Asabar aka ɗauki gawarta zuwa ƙauyensu wajen Sunkani.

Tsoro ya kama kowa a unguwa. Ni ma ina da ƙanana biyu. Kashegari na buɗe buhun, sai ga guntayen atamfa ruwan ɗorawa mai zanen tsuntsaye a sama-sama, ragowar rigar da na ɗinka mata ta Kirsimetin ƙarshe. Na tuna ranar Talata su take juyawa a hannunta. Na sa tsinken itace na kwashe su, na kai murhu. Ban gaya wa kowa ba.

Sai da aka yi wata biyu Mama ta dawo. Da hantsi ta shigo zaure, ta zauna a kan benci, ta daɗe tana kallon keken ɗinki. Hausarta irin ta garin nan ce, ba ta raba mace da namiji.

"Amarya, sun ƙona kayan shi duka," in ji ta. "Wai ciwo yana ciki. Ko ɗankwali ba su bar mini ba."

Na ce Allah ya ba da haƙuri.

"Ƙanana-ƙanana da ya rage a wurinki, yana nan?"

Muka zazzage buhun a kan tabarma. Ta fi ni sanin abin da take nema. Ta zaro shuɗin yadin makaranta, ta zaro koriyar atamfar da yarinyar ta sa ranar bikin wanta, da wani ja mai ɗigo-ɗigo wanda ni har na manta. Kowanne ta ɗauka sai ta shimfiɗa shi a cinya ta shafe da hannu. Ta ce in haɗa mata su wuri ɗaya, abin da za ta riƙa rufa da shi. Sa'an nan ta sake birkita tarin tun daga farko.

"Mai tsuntsu fa? Na Kirsimeti. Shi ne ya fi so."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Yana nan, Mama, a wani buhun. Zan duba miki."

Ba ni da wani buhu.

Kwana uku ina zaga rumfunan 'yan atamfa ina neman irinta. Yayin zanen ya wuce, kowa ya ce ya ƙare. Daga baya wani dattijo Bakano da ke bin kasuwannin ƙauye ya ce yana jin ya bar saura a kasuwar garin Mutum Biyu. Bayan mako guda ya kawo mini rabin yadi. Na wanke shi sau uku don ya saki. Na ɗauki almakashi na yanka shi a karkace, na fitar da lanƙwasar hammata da ta wuya, yadda duk wanda ya gani zai ce ragowar riga ce.

Guntayen yarinyar ba su isa mayafi ba, sai na kewaye su da farin yadi, na yi shafi da wani tsohon zanen Mama. Mai tsuntsayen na sa shi a tsakiya. Sai da na gama kalmasa baki na ɗaga shi a hasken ƙofa, sannan na lura. Bakin tsuntsayen ja ne. Na rigar yarinyar, in ban manta ba, baƙi ne. Ko kuwa ja ne? Babu inda zan duba, na riga na ƙona shaidar da hannuna.

Da Mama ta karɓa, tsakiyar ta fara nema. Ta kai shi hanci, ta daɗe a haka. Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe shi ta sa a hammata, ta ce, "Na gode, Amarya," ta fita.

Daga nan zauren ya canza mini. Da zarar lokacin tashin makaranta ya yi, sai in ji kamar ana motsa buhun a bayan ƙofa. Ba na waiwayawa, sai in ƙara taka keken don ƙararsa ta rufe. Mijina ya ce ɓera ne, ya sa tarko, bai kama komai ba. Na mai da buhun ɗaki, na ci gaba da jin motsin a inda yake a da.

Sau biyu Mama ta kawo mayafin gyara cikin shekara uku. Duk sauran guntayen lafiya lau, ruwan ɗorawan ne kawai ya koɗe ya yi laushi, saboda nan take shafawa. Kowane zuwa sai in ɗaura niyyar faɗa mata, sai in ga yadda take riƙe da shi, in haɗiye. Na rasa wanne ya fi muni, ƙona na gaskiyar ko karɓe mata wanda ya rage.

Zuwanta na ƙarshe ta zo sallama ne. Ƙafa ta hana ta kasuwa, 'ya'yanta za su mai da ita ƙauye. Na ɗinke mata gefen da ya farke, tana zaune tana kallona. Da na miƙa mata, sai ta ɗora yatsa a kan tsuntsayen.

"Amarya, kin sha wahala a kan wannan."

"Wace wahala, Mama?"

Ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba. "Ba komai. Allah ya biya ki."

Motar da ta kwashe kayanta ta tashi kafin azahar. Ban sake ganinta ba. Bayan wasu shekaru na haɗu da babban ɗanta a tasha, ya ce mini ta rasu da damina, ba ta yi doguwar jinya ba. Na yi masa gaisuwa, na tambayi iyalinsa. Na so in tambaye shi mayafin, amma motarsa ta cika, yaron mota yana kiransa, ya tafi.