Janareton Legas da ya fito daga shagona

Jama'a, ku ji abin haushi! Sati uku Alhaji mai gidan burodin Makera yana taya janareto a shagona na Kakuri, wayarsa cike da hotunan farashi. Kullum sai, "Malam Sani, na intanet ya fi araha."

Yau wata mai talla a intanet ta kira daga Legas, ta saye shi, ta turo adireshin kwastomanta. Gidan burodin Alhaji! Na ba mai Keke ya kai masa.

Da azahar Alhaji ya kira ni: "Zo ka ga kayan Legas, ba tarkacenku ba."

Na je. Ya biya fiye da farashina, yana ta washe baki. Sunan shagona kuwa na nan ɓaro-ɓaro jikin kwalin!