Cinyar Rago a Ɗakin Sanyi

Dattijon da muke kira Ba Bushaib ba ya tsoron wuta, ba ya tsoron manya, raɓa kawai yake tsoro. Shi ke riƙe da makullin ɗakin sanyi a masana'antarmu ta garin Buskura, inda ake ajiye baƙin ƙaron da muke narkarwa mu lulluɓe 'yan ƙwayoyin lantarkin da ake sa wa motoci. Ni Mbarka a kan injin matse ƙaron nake, kuma tun ina sabuwar zuwa yake cika mini kunne da dokarsa. Jakar ƙaron da ta fito daga sanyi ba a buɗe ta sai ta kwana a kan kantar hucewa ta huce, wato sanyinta ya fita. In ka buɗe ta da sanyinta, ƙaron zai yi gumi, gumin ya zama kumfa a cikin ƙwaya, ƙwayar ta je ta mutu a birkin motar wani bawan Allah. Abin da ya fito kuma ba ya komawa ciki.

Ɗan manoman yankin Dukkala ne. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa kafin ya samu aikin nan, kuma a bakin ƙofar nan furfura ta same shi. Ko kofin shayi ka ajiye kusa da kayansa sai ya biyo ka da tsumma. Lahsan mai tura kaya kullum cikin tsokanarsa yake.

"Ba Bushaib, ranar da ka mutu sai mun bar ka ka kwana ka huce kafin mu taɓa ka."

"Ɗan banza, kai ko shekara ka kwana ba za ka huce ba."

Saura kaɗan ya yi ritaya da mutuncinsa Babbar Sallah ta zo cikin wani irin zafi. Washegarin komawarmu aiki, da hantsi, na gan shi a bayan injina, fuskarsa kamar an yayyafa toka.

"'Yata, na shiga uku," ya ce.

Ashe firjinsa ne ya mutu, ga cinyar rago da ya keɓe wa tsohuwarsa mai zuwa daga ƙauye. Matarsa Lalla Zuhur ta ce, mutum yana da ɗakin sanyi kamar masallaci, nama ya ruɓe a gidansa? Sai ya cusa cinyar a tsohuwar jakar ƙaro, ya liƙe, ya sa a kwali ya tura lungun ɗakin sanyi. Ranar da ya same ni kuwa baƙi masu sayen kayanmu za su zo duba aiki. Lahsan, garin gyara wuri, ya kwaso har da kwalin nan ya jera a kantar hucewa, ƙarƙashin kyamara. Ba halin ɗauka, ba halin mayarwa.

Duk ƙwayar da na matse, idona na kan kwalin nan. Kafin azahar gindinsa ya fara yin duhu, don ƙashi ya huda jakar.

Baƙin suka shigo cikin fararen riguna, shugabarmu Madam Nazha tana gaba tana yabon tsarinmu. Ta nuna Ba Bushaib ta ce a hannun wannan dattijo ɗigon ruwa bai taɓa shiga ƙaro ba. Shi kuwa yana tsaye, gumi ya jiƙa masa ƙeya, leɓɓansa na motsi da salati. Na roƙi Allah su wuce, sun ma fara wucewa. Sai ɗaya daga cikinsu ta tsaya ta sunkuya.

Ɗigo ja ne a kan farin daɓe. Muna kallo na biyu ya sauko.

Madam Nazha ta juya kan Lahsan. "Kai ka jera kantar nan?"

"Ni ne, Madam, amma na rantse..." in ji Lahsan. Ko wata ba a yi da sunan 'yarsa ba.

Na kalli Ba Bushaib. Da ya yi shiru, babu mai zarginsa, ni ma da ba zan buɗe baki ba. Ya ciro makullin daga wuyansa.

"Ki ƙyale yaron nan, Madam. Cinyar ragona ce. Ta tsohuwata ce."

Duk ƙaron da ya kwana a ɗakin aka killace, shi kuma ya fita ranar babu walima, babu ban kwana. Na ji haushin Lalla Zuhur, na ji haushinsa, na kuma yi kuka a banɗaki.

Ranar Juma'a na je gaishe shi. Tsohuwar tana zaune a gaban kuskus na kabewa, ba ta san komai ba, tana ta yabon ɗanta mai babban aiki. Ya kawo mini kwalbar ruwan sanyi daga maƙwabta, ya sa gefen rigarsa ya goge raɓar jikinta tas. Sannan ya matso ya rage murya.

"'Yata, sauran jakunkunan da ke kan kantar nan, an dai bar su sun kwana?"