Lomar Ottavio

Mijina Ottavio maciyin farantin mutane ne, bai kuma taɓa ɓoye wannan hali ba. Kana cikin cin taliyarka zai ja kujera ya zauna, ya yago burodi ya dangwali miyar tumatirin da ke gabanka. In ka harare shi ya ce, "To wa ya dafa? Kakarka?"

Teburi ɗaya ne a gidan abincinmu, dogo, kuma girki ɗaya ake yi a rana. Limamin coci da bakanike da masu tsinkar zaitun duk nan suke gogayyar kafaɗa. Kowa ya saba da hannun Ottavio, ban da ni. Tun ina amarya nake sunkuyar da kai.

Da 'yarmu Clelia ta samu miji a Milano, iyayen yaron suka zo ganinmu. Na ja masa kunne tun da safe.

"Yau dai ka ɗaure hannun nan, tsohon ɓera."

"Palmira, sai ka ce yaro?"

Ya daure har aka kusa tashi. Hira ta yi daɗi, ya manta, sai ga burodinsa a farantin uwar ango. Matar ta ajiye cokali, ta ture farantin da ɗan yatsa. Na so ƙasa ta tsage.

Clelia ta same ni a kicin tana kuka. Ta ce, "Mama, ba zan iya zama da Baba a teburin biki ba. Ina ma kada ya zo." Ba mu san yana bakin ƙofa da tulin faranti ba. Ni kaɗai na ga ya juya.

Washegari ya sanar cewa ba zai rufe gidan abinci ranar Asabar saboda biki ba, wai ciniki ya fi yawa ranar. Duk garin sun san ƙarya ce, rabon da mu cika teburi ranar Asabar an manta.

Ni na tafi Milano. Bakanike ne ya ba ni labari daga baya: ranar bikin gari ya fito kaf, har da masu cin tsaye, don maganarsa ta zama gaskiya. Ottavio ya zuba wa kowa, ya koma bakin murhu ya harɗe hannu.

Da za su watse ya ce, "In Clelia ta tambaye ku, ku ce aiki ne ya riƙe ni. Don Allah kada wanda ya ƙara ko kalma ɗaya."