Ni da Kyankyason Kogin Nilu

Duk Bahaushen da ke zaune a Alƙahira, daga Hadayek el-Maadi har Giza, in ya ci soyayyar karfasa yau, ni ya kamata ya nema ya yi wa godiya. Ni na ceci kifin Nilu. Ban ɗauki bindiga ba, ban nemi izinin hukuma ba. Da haƙorana na yi aikin, da wannan tumbin da ke riga ni shiga jirgin ƙasa na metro.

Ni mutumin Yauri ne, a bakin kogi aka yanke mini cibi. Sana'ata a nan sarin jallabiya da abaya a kasuwar Ataba in tura gida. Amma ranar Juma'a da hantsi ba ruwana da kasuwa, bakin Nilu nake sauka wajen wani dattijo masunci, Bamisire, mai ɗan kwalekwale shuɗi da na tabbata ya girme ni. Rayyis nake ce masa, yadda ake kiran masu jirgi a nan, shi kuma ya ce mini ya Hajj. Na daɗe ina sayen bulti a hannunsa, wato karfasarmu ta gida, tana motsi ake miƙo mini.

Wata Juma'a na same shi zaune yana ɗinkin raga, kwandonsa kuwa kifin da ke ciki ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Ya ɗaga mini ragar. Duk ta zama ƙofofi, har da wadda zan iya wucewa ta cikinta, ni da tumbina.

"Wane ɗan hassada ne ya yi maka wannan, ya Rayyis?"

Ya sa hannu a ƙasan jirgi ya ɗauko wata halitta ja, tsawonta kamar tafin hannu, mai ƙahonni da almakashi biyu, tana ta neman yatsansa. Ya ce a gidajen abinci istakoza ake ce mata, amma su masunta kyankyason kogi suke kiranta. Ba 'yar Nilu ba ce. Wai daga Amurka wani ya kawo ta zai yi kiwo, ta gagare shi, ta sulale cikin ruwa. Yanzu tana cin ƙwan bulti a sheƙarsa, tana cin kifin da raga ta kama, ta yanka ragar ta fita, ta kuma haƙa rami a gaɓa.

"Khalas, ya Hajj," in ji shi. "Na gaji da ɗinki. In sanyi, in zafi, haka. Jirgin zan sayar in koma gadin gareji."

Mutumin nan in ka raba shi da ruwa, ka gama da shi. Ni ma in ya tafi, sai kifin firji, mai ido kamar na wanda aka tasa daga barci.

Nan take jinin Yauri ya motsa. Na gaya masa kakana da kada yake kokawa kafin karin kumallo, kuma zan saƙa masa gura irin tamu, tarkon da kifi ke shiga bai fita. Na koma gida na yi kwanaki ina fama da wayar ƙarfe da tsohuwar ragar sauro. Abin da na kai masa ya fi kama da kejin kaza da mota ta taka. Rayyis ya juya shi gaba da baya cikin ladabi, sannan ya nuna mini tarkuna irin nasu jibge a gaɓa, kowanne ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

"Kama su ba wuya, ya Hajj. In na kama in kai su ina? Mu ba ma ci. In na zubar a gaɓa, su rarrafa su koma."

Na dube shi, na dubi halittar, sai na ji bakina yana cewa, "Ni zan cinye su." Ya cika mini bokiti, ya ƙi karɓar ko sisi, yana yi mini irin kallon da ake yi wa marar lafiya.

A microbus, 'yar ƙaramar motar haya, kowa ya ba ni wuri. Tun da na zo Masar ban taɓa zama a wadace haka ba. Bokitin yana ƙaras-ƙaras, wata hajiya tana ta a'uzu, direba yana leƙena ta madubi.

Da na isa gida, uwargida ta buɗe murfin ta rufe. "Alhaji, kunama ka kawo mini gida?"

"Kunamar ruwa ce, ba ta da dafi."

"To ka kai ta ruwa. Ba dai tukunyata ba."

Sai na hau sama na kira maƙwabcinmu, wani Bazazzage da ke karatun fiƙihu, mutum mai natsuwa da ba ya cewa ruwa ruwa ne sai ya kawo hujja. Ya tsuguna gaban bokitin yana shafa gemu. Ya ce wasu malamai kifi kawai suka yarda da shi a dabbobin ruwa, amma mu Malikawa ƙofarmu a buɗe take, abin da yake rayuwa a ruwa halal ne. Na juya ina yi wa uwargida murmushin nasara.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, halal ka ce ko wajibi?"

"Halal, Hajiya."

"Tamam. To mai son halal ɗinsa ya dafa."

Malam ya ce yana da darasi, ya haye sama da sauri, bai ko tsaya ɗanɗanawa ba. Fatawa dai ya bar mini.

Na dafa da kaina a tsohuwar tukunyar wanki, da tafarnuwa da citta da lemon tsami da yaji mai sa mutum tuna zunubansa. Jama'a, abin nan akwai daɗi. Matsalarsa guda: ka ɓare sulke kamar na mayaƙi, naman da za ka samu bai fi kan yatsa ba. Kafin in ƙoshi, ɓawon da na tara ya kai tsayin ƙaramin dala na Giza. Na ci ranar, na ci kashegari. Juma'a ta zagayo Rayyis ya ba ni bokiti biyu. Yatsuna suka yi kanta, har mai shago a Ataba ya tambaye ni ko na koma aikin gini.

Da na ga ciki ɗaya ba zai iya da rundunar Amurka ba, sai na tuna da kirafish, busasshen jatan landen da 'yan kudu ke sayarwa a kasuwannin gida. Na tafasa, na shanya a rufin bene. Warin da ya tashi, na rantse har tsuntsaye sun canza hanya. Kyanwoyin Alƙahira kuwa suka aika wa danginsu na Iskandariya goron gayyata. Bawwab, mai gadin benenmu, ya hawo yana toshe hanci yana tambaya ko wani ya rasu ba a sanar ba. Na ce ma'alish, wato a yi haƙuri, na ce ma'alish, har ma'alish ɗin ta ƙare a bakina. Na zauna gadi da tsintsiya a hannu cikin rana, ni da ke da'awar jikan sarkin ruwa, ina kokawa da mage.

Abin da ya tsira na daka a turmi na zuba a kwalba. Uwargida ta sansana ta yatsine fuska, ta ce in ajiye can nesa da kayan miyarta. Bayan 'yan kwanaki na sha wata miyar kuɓewa da ta sa na lashe har gwiwar hannu. Na duba kwalbar, ta ragu. Na dube ta, ta dubi silin. Har yau ba mu yi maganar ba.

Ashe warin nan da ya kusa sa a kore mu, talla ya yi mini. Wata 'yar Kalaba mai dafa abincin sayarwa a layinmu ta biyo hancinta har ƙofata. Ta ce tun da ta baro gida ba ta ji ƙamshi irin wannan ba. Ƙamshi ta ce, ku shaida. Ta gaya wa 'yan Kamaru, su kuma suka gaya wa 'yan Gana. Ni ba mai son kasuwancin wari ba ne, sai na kwashe su duka na kai su bakin kogi na haɗa su da Rayyis. Ya ga mata suna rububin abin da yake zubarwa, ya ɗaga hannu sama yana salati.

Jirgin bai sayar ba. Ya ma yi masa sabon fenti, shuɗi mai kashe ido. Na riƙa zagaya majalisun Hausawa ina ba da labari, kullum adadin da na cinye yana ƙaruwa. Wani Bahaushen Sudan ya ce in aka bar ni zan ƙafar da kogin, na ce in sha Allahu ba zan kai can ba, zan bar wa Misirawa na shayi.

Kwanan baya na sauka wajensa da nufin karɓar yabo. Na same shi zaune da kwando tsakanin ƙafafunsa, yana tsince-tsince. Manya ya jefa bokiti, wasu kuma ya jefa ruwa a hankali, kamar mai sauke jariri. Bulti kuwa guda uku na gani a gefe, ƙanana.

Na gyara tsayuwa na ce, "Ya Rayyis, faɗi gaskiya don Allah. Tun da na shiga yaƙin nan, abokan gaba sun ragu ko ba su ragu ba?"

Ya ɗago a firgice. "Su ragu? Allah ya kiyaye, ya Hajj! Ba ka ga masu ƙwai da ƙananan nake mayarwa ruwa ba? Da irin cin da kake yi, tsoro nake kada su ƙare."